Wasiƙa Zuwa Ga Taubashina Kan Tsoffin Jiragen Tafkin Iseyo

Bresha, ƙasar Italiya

Zuwa ga taubashina, sarkin gardama,

Saƙonka ya iso, na kuma ga ka cika shi da dariyar Turawan da aka ba ka labari, masu zuba dukiya wajen gyaran tsohon kwalekwalen katako alhali kasuwa cike take da sababbi. Ka ce kuɗi ne ya yi musu yawa har ya taɓa musu kai. Ikon Allah! Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba, yau shi ne alƙalin jiragen ruwa. Gyara zaman hularka, taubashi, don na ɗauki alƙalami ne in kare mutanen nan, kuma ba zan ajiye ba sai bayanka ya taɓa ƙasa. Maganata guda ce: duk wanda ya biya aka tayar da tsohon jirgin gudu, sana'ar hannu ya ciyar, ita kuwa sana'a ba ta da wurin kwana sai inda ake ba masu ita aiki.

Bari in fara kai ka wurin, tunda kai ko tafkin ba ka san sunansa ba. A arewacin Italiya, tsakanin lardin Bergamo da na Bresha, akwai tafkin Iseyo, kuma a bakinsa na kudu akwai garin Sarniko. A shekarar 1842 guguwa ta farfasa jiragen masuntan wurin, sai wani saurayin kafinta mai suna Pietro Riva ya zo daga yankin tafkin Komo ya gyara su. Aikinsa ya yi kyau, mutane suka riƙe shi, ya kafa wurin sana'a. Ka lura da kyau, gidan Riva da duniya ta sani da ƙera jiragen alfarma, da gyaran tsoho ya fara cin abinci. Jikansa Serafino ya shiga ƙera jiragen tsere masu inji a shekarun 1920 da 1930. Ɗan Serafino, wato Carlo Riva, wanda aka haifa a 1922 ya rasu a 2017, shi ne ya kai sunan gidan inda ya kai. A 1962 ya fito da samfurin Aquarama, aka ci gaba da ƙera shi har 1996, kuma a duk tsawon shekarun nan waɗanda aka yi ba su kai 800 ba. Tsawonsa mita 8 da ɗoriya, jikinsa katakon mahogani, a bayansa injina biyu 'yan Amurka masu silinda takwas-takwas, gudunsa daga kilomita 70 zuwa kusan 90 a awa, gwargwadon samfuri. Kada ka raina wannan gudu don kana ganin direbobin hanyar Zariya suna ninka shi. Ruwa ba kwalta ba ne, a wannan gudu kowace igiyar ruwa dukan jirgin take yi kamar an buga masa taɓarya. Wani abin da zai sa ka yi shiru kuma, mahoganin Afirka da maƙera jirage ke yabo ɗan'uwan maɗaci ne na jini, dangi ɗaya suke. Itacen da kake jiƙa ɓawonsa kana yamutsa fuska in ciki ya murɗa, danginsa ne ke sheƙi a gaban sarakuna.

Yanzu ga abin da ake nufi da gyara, don na san a ranka kana hango wani da gwangwanin fenti da buroshi. Jirgin da ya shekara hamsin yana shan ruwa da rana, katakonsa ya kumbura ya motse sau ba adadi, kuma ruɓa takan fara ne daga inda ido ba ya kai wa, a ƙasan ciki da wajen da katako ya haɗu da ƙarfe. Sai an fitar da injina, an kwance kujeru da wayoyi da duk ƙarafan ado, an kife jirgin, sannan a bi haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa ana saurare. Wanda ya ƙware, da kunne yake gane lafiyayyen katako da wanda ya mutu a tsaye. In za a sauya wani falle, dole a samo katakon da launinsa da zanen jijiyarsa suka dace da na maƙwabcinsa, in ba haka ba jirgin zai fito kamar riga mai faci. Daga nan sai banish, man sheƙin nan na kafintoci: a shafa, a bari ya bushe, a goge da samfefa, a sake shafawa, har sama da sau ashirin, a ɗakin da ƙura ba ta shiga, domin ƙwayar ƙura ɗaya in ta zauna sai an koma baya. Injin ma da nasa hali. Tsohon kafireta yana son hannun da ya san shi, man fetur na zamani yana cin tsoffin robobin bututu, ruwan da aka manta a cikin inji lokacin hunturu in ya daskare sai ya tsaga shi, kuma kafin a tayar dole a kunna fankar da ke fitar da tururin mai daga ɗakin inji, in ba haka ba tartsatsi ɗaya ya isa. Lissafa mini mutanen da ke cikin wannan aiki: kafinta, mai banish, bakanike, mai waya, mai ɗinkin kujera, mai wanke ƙarfe ya dawo da ƙyallinsa. Aiki ɗaya yakan ci watanni da yawa, wani ya haura shekara. Kuɗin da kake cewa an zubar a ruwa, a tukunyar waɗannan mutane yake sauka, kuma kusa da kowannensu akwai yaron da ke miƙa masa kaya yana kallon hannunsa.

Na san abin da za ka ce, don tun muna yara ba ka iya jin magana ka bar ta ta wuce. Za ka ce jirgin faiba, wanda ake zubawa da zaren gilashi da danƙo a cikin mazubi, ya fi araha, ya fi sauƙin kula, ba ya ruɓa kamar itace. Gaskiyarka, kuma ka rubuta ranar nan, don ba kullum nake ba ka gaskiya ba. Tun a shekarun 1960 faiba ya ci kasuwa, musamman a Amurka. Carlo Riva kansa ya sayar da kamfanin ga Amurkawa a 1969, gidan kuma ya shiga yin jiragen faiba. To amma wannan hujja taka ni take taimaka wa. Tunda masana'anta ta daina buƙatar mai lanƙwasa mahogani, ina zai sami aiki? Wa zai koya wa na baya? Littafi yana iya faɗa maka a shafa banish sau kaza, ba zai iya sa maka nauyin buroshi a yatsu ba, ba zai nuna maka yadda ake sanin shafin farko ya bushe ba. Ilimin hannu in ya tsallake tsara ɗaya ba a yi aiki da shi ba, ya tafi ke nan. Shi Carlo tun kasuwarsa na ci, a 1957, ya kafa wani wuri mai suna RAM a Sarniko don kula da jiragen da ya sayar da gyaransu, kuma har yau aikin da ake yi a wurin ke nan. Masu kawo tsoffin jiragensu su ne suka hana ƙofar irin waɗannan wurare rufuwa.

Gardamarka ta biyu ta fi ta farko kaifi, kuma na yi mamakin yadda ta fito daga kanka. Ka ce in an sauya ƙasan jirgi, an sauya rabin katakonsa, an sauya inji, to me ya rage na tsohon? Ashe ba sabo aka saya da tsadar tsoho ba? Ga misali ka auna. A 1968 Ferruccio Lamborghini, mai motocin nan, ya sa aka ƙera masa Aquarama mai lamba 278, ya ce ba ya son injin Amurka, a sa masa nasa guda biyu masu silinda goma sha biyu, kowanne da ƙarfin doki 350. Jirgin ya yi shekaru a yashe bayan rasuwar mai shi, har wani wurin gyara a ƙasar Holan ya ɗauke shi, ya shekara uku a kansa, aka gama a 2013. Injinansa na asali ba su cikinsa, sai da aka nemo irinsu aka mayar da su na ruwa, aka sa ɗaya yana juyawa dama ɗaya hagu, don farfela biyu in suka juya gefe guda sukan karkatar da jirgi. To shi ne ko ba shi ba ne? Ni na ce shi ne. Lambarsa tana nan, siffarsa tana nan, an bi ma'aunin da aka ƙera shi a kai, an yi aikin yadda masu shi na farko suka yi. Kai da kanka, gidan gado da ake yi wa yaɓe duk bayan damina, an sauya azara, an sauya ƙofa, ka taɓa jin wani ya ce ba gidan kakansa ba ne? Sharaɗin kawai shi ne gaskiya: a faɗi abin da aka sauya da abin da aka bari. Wanda ya ɓoye wannan don ya tsuga kuɗi, maha'inci ne, kuma masu harkar sun fi kowa ƙyamarsa. Don haka ne ma ƙungiyar Riva Historical Society, wadda aka kafa a 1998, take riƙe da rajistar jiragen da lambobinsu.

Saura maganar almubazzaranci, wadda na san ita ce sandar da ka ɓoye a bayanka. Ba zan yi maka musu cewa wannan wasan talaka ne ba. Aquarama mai lafiya kuɗinsa Yuro dubu ɗaruruwa ne, injinansa suna shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, ƙararsu kuma ba kowane mazaunin bakin tafki take yi wa daɗi ba. Batun itace ma gaskiya ne: an sare mahogani a duniya har ya yi ƙaranci, shi ya sa aka sa wa cinikin na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu takunkumi a 2003, na Afirka dangin maɗaci kuma a taron da aka yi a Panama a 2022. Sai dai duba inda hujjar ta nufa. Itacen da ke jikin jirgin 1965 an riga an sare shi tun kafin a yi maka kaciya. Barinsa ya ruɓe a bayan shago shi ne asarar bishiyar, riƙe shi kuwa yana sa ta ci gaba da amfani wasu shekaru hamsin. Faiba da kake yabo, in ya tsufa ba ya komawa ƙasa, kuma sake sarrafa shi wahala ne da shi. Yawancin tsoffin jiragen nan kuma 'yan kwanaki suke yi a ruwa cikin shekara, lokacin zafi. Inda na yarda a yi dariya, har in taya ka, shi ne attajirin da ya sayi jirgi ya kulle a ɗaki ya lulluɓe, yana jiran farashi ya hau. Wannan bai ba kafinta aiki ba, bai bar yaro ya ji kukan injin ba, jirgin ma cutarsa yake yi, don inji in ya daɗe bai motsa ba lalacewa yake. Shi kam ka yi masa duk tsiyar da ka iya, na san ba ka rasa ta.

Ka kuma ce duk abin begen zamanin da ya wuce ne, tsofaffi suna neman ƙuruciyarsu a cikin katako. Akwai wannan, ban ƙi ba. In aka ambaci Riva, mutane sukan tuna Monako da gaɓar kudancin Faransa, da Brigitte Bardot da Sophia Loren, da shekarun da Italiya ta farfaɗo daga yaƙi ta fara sayar wa duniya kayan ƙawa. Amma a garuruwan bakin tafkin nan begen yana da wata fuska, domin iyaye da kakannin mutanen wurin ne suka yi jiragen da hannunsu, kuma duk wanda aka dawo da shi gyara aikin wani nasu ne ya dawo gida. Ban ga aibin mutum ya so abin da ubansa ya ƙera ba. Kai ne ma za ka yi wa wani gorin bege? Kai da in aka ambaci Fijo 504 ta Kaduna sai ka ajiye cokali, ka shiga ba da labarin ƙarfin bodinta har tuwo ya huce! Da za a kawo maka guda a gyare tsaf, fentinta na asali, kujerunta na asali, na rantse sai ka kwana a cikinta, Hajiya ta yi ta sallama ba ka ji ba. Ciwonku ɗaya da mutanen Sarniko, naka dai mai taya huɗu ne.

Ka gaishe mini da tsofaffinmu da kyau, ka ce ina neman addu'arsu. Ka gaida Hajiya da yara, da duk 'yan majalisar ƙofar gida, ka kuma karanta musu wasiƙar nan dukanta, kada ka tsallake wuraren da ka sha kaye. Kuɗin sharata na bana da na bara suna nan a wuyanka, ban yafe ba. In kana da sauran gardama, rubuto, ina jira.

Wassalam,
Naka taubashi.