Sai Masu Gida, Ko Da Gidan Na Aro Ne

Duk mai son ya koyi yadda ake tayar da ƙungiyar ƙwallo da ta durƙushe, kada ya ɓata kuɗinsa a jirgin Turai. Ya shiga mota daga nan Dakoro ya sauka Maraɗi, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya wuce Kano, ya tambayi filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Can makarantar take, kuma malamanta sun cancanci a yi musu jinjina da hannu biyu.

Da can Kano Pillars ba ta da wani abin koyi. Tun da aka kafa ta a 1990 ba ta san komai ba sai cin wasa, abin da kowane yaro ke iyawa. Ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta yi waje da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Ta yi wasa fiye da 200 a gida ba wanda ya doke ta, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Samarin fadojinmu na Dakoro, da ke kasa kunne a rediyo suna kurɓar shayi, har sun fara gajiya da jin labari iri ɗaya.

Hikimar ta fito fili a 2022, lokacin da aka gane cewa ba a sake gini sai an rushe. A watan Afrilu magoya baya suka ba da tasu gudummawar, suka farfasa motar baƙinsu na Katsina United. A watan Yuni shugaban ƙungiyar na lokacin ya ga bai kamata a bar talakawa da aikin su kaɗai ba, ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a karawa da Dakkada. Shugabanci nagari ke nan, na gaba ya yi gaba. Aka ci tara, aka zaftare maki, kakar ta ƙare Pillars ta gangara rukuni na biyu. Ko nan ba ta yi rowa ba, tare da Katsina suka sauka, don zumunci. A 2023 ta dawo, aka yi ta buga ganga kamar an ciwo kofin duniya, kuma da gaskiyarsu: wanda bai faɗa rijiya ba ina zai samu ladan fitowa?

Inda na fi sara wa masu tafiyar da ƙwallon ƙasashenmu shi ne yadda suka kashe rigimar ma'aikata tun ba ta haihu ba. Dubi wahalar da Amurkawa suka jawo wa kansu a ƙwallon nan nasu da ake runguma a ruga da shi. Ƴan wasa suna da ƙungiyar ƙwadago, suna da lauyoyi, har suna neman a buɗe musu littafin kuɗi su gani. A 2011 aka kasa daidaitawa kan rabon kusan dala biliyan 9 na shekara, masu ƙungiyoyi suka garƙame ƙofa daga Maris zuwa ƙarshen Yuli. Carolina Panthers, da ta ci wasa 2 kacal cikin 16 a kakar da ta gabata, ta ɗauko sabon koci, ta zaɓi sabon ɗan wasa Cam Newton, amma doka ta hana kocin ya tara yaransa a fili. Da aka gama jan-in-ja aka sa hannu a yarjejeniyar shekara goma, kowa ya san haƙƙinsa a rubuce. Wannan ai rashin tawakkali ne.

Mu nan ɗan wasa ya san matsayinsa. Yawancin ƙungiyoyin Nijeriya na gwamnatocin jihohi ne, don haka albashi yana tafiya ne da lafiyar baitulmali da kuma yanayin da mai girma ya tashi. Hukumar gasar ta taɓa yanka naira 150,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, kuma takardar tana nan lafiya lau. Ka shiga masaukin ƴan wasa a ƙarshen wata ka sha kallon horo na musamman. Ga mai tsaron baya zaune a bakin katifa, gwiwa ɗaure da bandeji da ya saya da kuɗinsa, waya a tafin hannu. Duk ƙarar da ta yi sai ya zabura ya duba, ya tarar kamfanin layi ne ke tallar waƙa. Mai shayin bakin ƙofa ya buɗe masa shafi na uku a littafin bashi, yana ce masa, “Kyaftin, ko alat ɗin bai shigo ba?” Shi kuwa ya amsa, “An ce fayil yana kan teburin Oga.” Wace makarantar horo ce a Turai ke koyar da irin wannan saurin zabura?

Idan haƙuri ya ƙare ma akwai tsari. A 2015 ƴan wasan Dolphins a Fatakwal da na Taraba a Jalingo sun kwashi shimfiɗunsu sun tare a ƙofar gidan gwamnati suna neman haƙƙinsu. Ga iska mai daɗi, ga tsaro kyauta, ga kusanci da shugabanni. A shekarar ce kuma ƴan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar zuwa Owerri, suka raunata ƴan wasa biyar. Aka yi jaje, aka gode wa Allah, aka ci gaba da bin hanyar.

Kano ta zo ta ɗora wa tsarin hula a Yulin 2025, da gwamnati ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar alhali yana cikin masu buga mata wasa. Ba wanda ke musun alherin mutumin, ko ƙwallaye 18 da ya ci wa Pillars a kaka guda kafin ya tafi Turai. Amma a yaba wa wanda ya yi tunanin. Ma'aikaci da mai gida sun haɗu a riga ɗaya. Ranar da ƴan wasa suka yi niyyar yajin aiki, wakilinsu zai rubuta takardar koke da safe, ya cire takalmin ƙwallo, ya zagaya bayan tebur ya karɓa, ya yi alkawarin duba lamarin. In koci ya ajiye shi a benci ranar Lahadi, sai su haɗu a ofis ranar Litinin.

Wata uku da naɗin, a Oktoba, Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi, jama'a suka diro fili suka bi alƙalan wasa da baƙi. Aka cire maki 3, aka ci tarar naira miliyan 9 da rabi, aka rufe filin, aka ce masu gida su koma karɓar baƙi a Katsina, garin mutanen da aka fasa wa mota. Mu dai mun gode, an rage mana hanya.

Kada kuma mutanenmu na Nijar su ji ƙyashi, don ba a bar mu a baya ba. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin ƙasa a 1983, kuma tun daga nan jiharmu take ladabi, ta bar wa ƙungiyoyin soja da jandarma da kwastan da kamfanin lantarki na Yamai su riƙa rabawa tsakaninsu. Yaron Dakoro mai ƙafar hagu, da ke murza leda ba takalmi a rairayin bayan makaranta, an hutar da shi ruɗin kwantiragi da lauya, tunda ba mai zuwa kallonsa balle ya ba shi takarda. Pillars Katsina kawai aka kai ta. Mena, ƙungiyar ƙasarmu, da hukumar ƙwallon Afirka ta ce filin Seyni Kountché bai cika sharaɗi ba, har Maroko ta riƙa zuwa karɓar baƙinta.