Wai Kiɗa Ba Waƙa, Tuwo Ba Miya?

Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba: kiɗan da babu mawaƙi tuwo ne ba miya, balle a ce inji ne ke yi, injin ma na Japan. Wani abokina na kunna wa kiɗan Kitaro a mota, ya yi tsit har minti biyar, sannan ya juyo ya ce, "Wai yaushe za a fara ne?" To ku gyara zama, ku da shi.

A 1978 matasa uku a Tokyo, Haruomi Hosono da Ryuichi Sakamoto da Yukihiro Takahashi, suka kafa Yellow Magic Orchestra. Suka ɗauko "Firecracker", kiɗan da Ba'amurke Martin Denny ya tsara bisa yadda yake zaton mutanen Gabas na kiɗa, suka zuba shi cikin na'ura, suka mayar wa Amurkawa kayansu. Shaƙiyanci ne tsagwaronsa, su kuwa Amurkawa suka kama rawa ba ji ba gani. Sakamoton da kuke wa kallon mai danne-danne, shi ya karɓi Oscar a 1988 saboda kiɗan fim ɗin The Last Emperor.

Shi Kitaro, da ya yi wa tashar NHK kiɗan shirinta na Hanyar Siliki a 1980, na'urarsa busa take kamar sarewar makiyayi da yamma. A dandali kuma sai ya bar ta ya nufi taiko, ƙatuwar gangar da in an doka za ka ji ta a haƙarƙarinka. Wasu 'yan'uwa biyu na gidan Yoshida kuwa shamisen suke kaɗawa, tsirkiya uku kamar molo, suna fizgarta a kan bugun inji sai ka ce faɗa suke da ita.

Har yanzu kuna taɓe baki, ko? Madalla. Ran Asabar in kun je biki, kun gama girgiza kafaɗa kuna liƙi, ku ɗan zaga bayan mai kiɗan fiyano ku karanta sunan da ke jikin abin da yake dannawa. In kun ga Yamaha ko Casio, kada ku zo ku ba ni labari, ni ma na duba.