A Gaishe da Iyayengijin Gandayen Jamaika

Ranku ya daɗe, masu gandayen rake na tsibirin Jamaika, sannunku da ɗawainiya. Ba kowa ne zai tayar da jirgi tun daga Liverpool ko Bristol har gaɓar Afirka ta Yamma ba, ya kwaso bayin Allah daga cikin iyalansu, don gudun kada zaman banza ya lalata su. Kusan mutum miliyan ɗaya aka sauke muku a tsibirin nan. Da aka zo ƙidaya a 1834, wajen 311,000 aka tarar. Ko an cire waɗanda kuka sayar gaba, yawancin sauran ƙasa ce ta rufe musu ido, kuma ku ne kuka ba da filin kushewar kyauta.

Wa ya kai ku tarbiyya? Tun kafin gari ya waye ake busa ƙaho, kada barci ya yi wa bawa yawa. Maza da mata su jeru suna haƙa ramukan rake, kwandon taki a ka, mai bulala na biye da su yana ƙarfafa musu gwiwa. Yaro ɗan shekara shida ma ba ku bar shi a baya ba, kun sama masa aikin cire ciyawa. In kaka ta yi, da yake rake ba ya jira bayan an sare shi, sai injin matse rake da tukwanen dahuwa su kwana suna aiki, mutane su kwana tare da su. A nan ne hangen nesanku ya fi burge ni. Kun san mai gyangyaɗi hannunsa kan faɗa bakin injin, saboda haka kuka ajiye gatari a kusa, a datse hannun kafin ƙarfe ya janye mutum gaba ɗaya. An ceci rai, an ceci dukiya, aiki kuma bai tsaya ba.

Abinci kuwa, kun koya musu dogaro da kai. Bayan sun gama yi muku bauta mako guda, ranar Lahadi sai su hau gangaren dutse su nome gayaunarsu, su ci abin da ta bayar. Ku kuma ku ɗora musu ɗan kifi mai gishiri, da ƙyalle mai kaushi sau ɗaya a shekara.

Ban isa in manta da Thomas Thistlewood ba, mutumin da ya zo tsibirin a 1750, ya yi shekaru yana sarkin gandu a wani gandu mai suna Egypt a yankin Westmoreland. Mai son ilimi ne, mai karance-karance, kullum sai ya rubuta yanayin sama da ruwan da aka yi. Da wannan alƙalamin ya rubuta yadda ake yi wa bawa bulala, a goga masa gishiri da lemon tsami da barkono a cikin miki. Da shi ya rubuta cewa a 1756 yunwa ta sa wani bawa mai suna Derby ya sha rake, raken da shi da 'yan'uwansa suka shuka, sai aka zane shi, aka tilasta wa wani bawan ya yi masa bayan gida a baki. Da shi kuma ya lissafa, ɗaya bayan ɗaya, mata 138 da ya keta wa haddi, har da wuri da rana. Irin wannan riƙon amanar lissafi sai ku! Ya rasu a 1786 yana mai mutunci a idon maƙwabtansa, babu kotun da ta taɓa ɗaure shi a kan ko ɗaya.

Duk da wannan alheri, ɗan Adam butulu ne. A Kirsimetin 1831 wani bawa mai wa'azi, Samuel Sharpe, ya ce a ajiye aiki sai an biya lada. Kun nuna haƙuri: sama da mutum 300 kawai aka kashe bayan shari'a, shi kuma aka rataye shi a Montego Bay ranar 23 ga Mayu, 1832.

Da majalisar Birtaniya ta soke bauta a 1833, ba ta manta da waɗanda aka zalunta ba, wato ku. Ta ware fam miliyan 20 diyyar asarar da ku da sauran masu bayi a ƙasashen mallakarta kuka yi. Su kuma waɗanda suka girma da fartanya a hannu aka ce ba su iya aiki ba tukuna, sai su ƙara zama 'yan koyo, suna yi muku sama da awa 40 a mako kyauta har 1838.

Sai a 2015 baitulmalin Birtaniya ya gama biyan bashin da aka ci don a sallame ku, kuma cikin waɗanda harajinsu ya biya shi akwai jikokin mutanen da kuka bautar. Su bayin ba a ba ko ɗayansu sisin kwabo ba. Allah ya isa tsakaninsu da ku.