Ranar da Baba Ya Karanta wa Masu Tsani Doka

A gidan hayar da nake zaune, waya ɗaya ce ke kai wuta ɗakuna bakwai, takardar bil ma ɗaya ce, kuma a hannun Baba mai gida take sauka. Shi ke raba kuɗin da wani lissafi da shi kaɗai ya san kansa: mai firji kaso biyu, mai dutsen guga ɗaya da rabi, tela kuwa sai abin da Baba ya ga dama. Ba mu da mita. Kamfani ya yi mana ƙiyasi, Baba ya ƙiyasta ƙiyasin.

Baba ba ya rabuwa da rediyo. A nan ya ji cewa hukumar NERC, wadda dokar 2005 ta kafa don sa ido kan harkar lantarki, ta hana a yanke wa mutum wuta sai an ba shi sanarwa a rubuce. Ya ji cewa tun Fabrairun 2020 aka sa wa bil ɗin ƙiyasi iyaka. Cewa marar mita in bai yarda da bil ba, zai iya biyan daidai na ƙarshen da babu jayayya a kansa har a saurari kokensa. Cewa sayen taransifoma da turaku ba aikin mutanen unguwa ba ne. Duk haka abin yake, kuma Baba ya haddace tsaf. Wajen da aka ce wanda ya sha wuta sai ya biya ne kawai ya zo daidai da mutuwar batirinsa.

Wata safiya yara suka kwaso da gudu: "Ga 'yan NEPA!" NEPA ta koma PHCN tun 2005, a Nuwamban 2013 aka fara miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11, amma ba wanda ya gaya wa yaran layinmu. Kafin samarin su jingina tsani, Baba ya fito da babbar riga, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya aika jikansa ya karɓo wa baƙi ƙosai wurin Hajiya. Sannan ya gyara murya.

"Samari, kun san doka kuwa?"

Ya zayyano ta daki-daki, mu 'yan haya muna bayansa muna gyaɗa kai, tela har da tafi. Shugaban ayarin ya bar shi ya kai aya, sannan ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ai mun kawo takardar. Hajiya muka ba."

Baba ya ce shi dai takarda ba ta taka gidan nan ba, in ta shigo kuwa a cire masa hula. Yana rufe baki jikan ya iso da ƙosai mai zafi, ya ajiye a gaban baƙi. Shugaban ya ci guda biyu, ya warware ƙunshin, ya shafe shi a gwiwa, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Mai ya jiƙa takardar, amma lambar gidan da jimillar bashin suna nan raɗau.

Nan fa ido ya koma kan Baba, don mu duk wata muna biya. Ashe ragon sunan da muka ci kwanakin baya muna ta sa albarka, kuɗin wutarmu muka ci.

Suka hau, suka yanke, suka naɗe wayar suka tafi da ita. Abin haushin, ba mu ga bambanci nan take ba. Unguwarmu ba ta cikin rukunin A, waɗanda a Afrilun 2024 aka mayar musu da yunit naira 225 bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Mu da ma cikin duhu aka same mu. Sai daren da layi ya ɗauki ihun "An kawo!" muka ga gidanmu kaɗai ne baƙi ƙirin a tsakiyar haske.

Kafin a maido da wayar sai da aka biya bashin da kuɗin sake haɗawa, tela ne ya raka Baba ofis don kada kuɗin ya sake biyawa ta kasuwar dabbobi. Yanzu 'yan haya sun dage sai an sa mita mai kati, Baba yana cewa ita ba ta san girman tsoho ba. Hajiya kuwa har yau tana bin sa kuɗin ƙosan baƙi.