Zuwa ga Bazazzagin da Ya Zama Sha'iri Dare Ɗaya

Bazazzagi bawan gidanmu, labari ya iso Kano cewa ka fara rubuta waƙa. Kai fa! Kai da kake cewa mu Kanawa ko kuka za mu yi sai mun tambayi nawa za a biya. Littattafanmu na soyayya kuwa "Adabin Kasuwar Kano" kake kiransu, kana ɗaga hanci kamar kai ka raɗa sunan.

To kai wa ya biya ka? Tun da wani ɗan Kantin Kwari ya yi wuf da yarinyar da ka daɗe kana zuba wa Turanci a zaure, tuwo ya daina shiga, baitoci suka fara fita. Tsakar dare kana neman abin da zai yi amsa-amo da "zuciya", ba kwangila, ba mai saye, ita kanta amaryar ba ta san kana yi ba.

Abin da ya hana ka barci shi ya zaunar da Balaraba Ramat Yakubu gaban takarda. An cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya, auren ya mutu, abin ya zauna mata a rai har ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? An sayar da littafin a kasuwa, na yarda, mu ba ma ƙin ciniki. Amma ciwon ya riga kuɗin zuwa.

Kuma da ka waiwaya gida da ba ka yi mana gori ba. Aliyu Namangi naku ne, makaho, ya rasu a 1990. Wane attajiri ya ba shi odar waƙar Imfiraji? Tsoron Allah da begen Manzo suka cika masa ƙirji ya fitar, almajirai da makafi suka ɗauka suka zaga da ita gari-gari. Wannan kam mun sallama muku, ko da yake ban san yadda aka yi Zariya ta yi dace haka ba.

Waƙar taka dai na gani. Baiti na uku gurgu ne, kuma ba a kiran budurwa "tauraruwa" sau shida a shafi ɗaya. Amma kada ka daina, ya fi ka je ka tsaya ƙofar gidan mijinta. Turo sauran in kai maka wajen masu buga littafi a Sabon Gari, riba mu raba biyu. Ka haɗo da kuɗin sharata na watan cika-ciki, na bara ma ba ka biya ba.