Fir'auna a Gaban Suruka: Nazari a Kan Wani Daren Alhamis

Abin da ake nufi da daren Masar a wannan nazari shi ne yunƙurin da magidanci mai ƙaramin ƙarfi kan yi na ɗauko ƙasar Masar ya shigo da ita falonsa na sa'o'i uku, bayan ya daɗe yana yi wa maiɗakinsa alkawarin kai ta Alƙahira, ya kuma gane, ranar da ya tambayi kuɗin kujerar jirgi daga Kano, cewa alkawarin sai dai jikoki su cika shi. Magidancin da aka gina nazarin a kansa ma'aikaci ne mai shekara 9 da aure, kuma an sakaya sunansa saboda har yanzu kwalli bai gama fita daga gefen idonsa ba, saboda kuma kusancinsa da mai wannan rubutu ya kai inda hula ɗaya suke sawa.

Ta fuskar abinci shirin bai ci kuɗi ba, domin binciken farko ya nuna cewa yawancin abin da Misirawa ke alfahari da shi yana nan a kasuwar unguwa da wani suna. Karkade, abin shan da suke tarbar baƙo da shi, zoɓo ne. Mulukhiyya, miyar da suke ci da shinkafa da naman kaza ko na zomo, ganyen lalo ce. Koshari kuwa, wanda shi ne abincin talakan Alƙahira, haɗi ne na shinkafa da taliya da adas, a zuba miyar tumatir mai tsami da soyayyiyar albasa a sama. Adas ɗin ne kawai ya yi wuyar samu, kuma a nan ne maƙwabcin magidancin ya shigo cikin lamarin. Wannan dattijo, wanda iliminsa na Masar ya tsaya a kan sa'o'i huɗu da ya yi a filin jirgin saman Alƙahira yana jiran canjin jirgi a hanyarsa ta umara, ya bayyana cewa adas na cikin abincin da Banu Isra'ila suka yi kwaɗayi a Suratul Baƙara, cewa shi kansa bai taɓa ganinsa ba sai a bakin masu tafsiri, kuma cewa wake ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka bi wannan fatawa, sai koshari ya fito garau-garau da taliya.

Tun da abinci ya ƙi zama baƙo, sai magidancin ya ɗora nauyin Masar gaba ɗaya a kan ado, kuma daga nan ne masifar ta faro. Ya tara kwalayen taliya 14 daga mai shago, ya jera tara a ƙasa, huɗu a tsakiya, ɗaya a sama, a matsayin dalar Khufu ta Giza, wadda ta kai kimanin mita 146 lokacin da aka gina ta shekaru wajen 4,500 da suka wuce, alhali tasa ba ta wuce ƙugu ba. Maƙwabcin ya leƙo ya ce da buhuna ya yi amfani, kamar dalar gyaɗar da ya gani yana yaro, domin kwali ba shi da amana. Domin kansa kuma magidancin ya kwaikwayi hoton fuskar zinariyar Tutankhamun, yaron sarkin da Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922: ya yafa tawul mai ratsin shuɗi a madadin nemes, wato mayafin kan da fir'aunoni ke saukarwa ta bayan kunnuwa zuwa kafaɗu, ya ja kwallin maiɗakinsa daga ido har kusa da kunne, ya ɗaura farin zanen gado da ya tsaya masa a gwiwa, a kan singileti, ya kuma cusa auduga cikin baƙar safa ya ɗaure ta a haɓa da roba, saboda sarakunan Masar kan sa gemun aro. A madadin sandar kiwo da bulala, alamomin mulkin da suke gicciyewa a ƙirji, ya riƙe muciya da ludayi. Ya zaɓi Alhamis ne saboda Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar da ta rasu a 1975, ta shahara da yin wasa a Alhamis ta farkon kowane wata, rediyo na watsawa har ƙasashen Larabawa, kuma ya kunna waƙarta ta 1964, Inta Umri, ɗaukar da aka yi a gaban jama'a, bayan ya rufe layin wayarsa don kada kira ya katse ta. Wannan ne ya sa bai ga saƙon da maiɗakinsa ta aiko da magariba ba, mai cewa za ta dawo tare da mahaifiyarta Hajiya, wadda za ta kwana saboda ganin likitan ido da sassafe.

Lamarin da ya biyo baya bai wuce daƙiƙa goma sha biyar ba, amma ya cancanci a warware shi dalla-dalla. Da ƙarfe takwas da 'yan mintuna aka turo ƙofa, kuma kiɗa ya danne sallamar da aka yi har sau biyu. Magidancin yana tsaye a gefen dalarsa, kyandir uku na ci a bayansa, ya gicciye muciya da ludayi, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido kamar yadda ya gwada a madubi, sa'an nan ya ce da muryar da ya kwana uku yana kaurarawa: "Ahlan wa sahlan, ya Nefertiti." Da ya buɗe ido, wadda ke bakin ƙofa da carbi a hannu da jakar magani a ɗaya hannun ita ce mahaifiyar matarsa.

Wajibi ne a tuna cewa kunyar suruka, a al'adar Bahaushe, doka ce da ke hana mutum cin abinci a gabanta, ko kiran sunanta, ko haɗa ido da ita, ko ma tsayuwa a kanta, kuma wannan magidanci ya shekara 9 bai taɓa bari ta gan shi ba hula ba. Saboda haka jikinsa ya yanke hukunci tun kafin hankalinsa ya dawo: ya zube ƙasa domin gaisuwa. To amma zanen gadon da aka ɗaura don tsayuwar sarauta ba a yi shi don durƙuso ba, don haka ya fara kwancewa ta hagu. Hannun da ya kamata ya tare shi yana riƙe da muciya, kuma da ya kai hannun da sauri sai ƙarshen muciyar ya zunguri kwalin kusurwa, dalar da aka wuni ana ginawa ta rushe a kan kafaɗarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannunku da zuwa, Hajiya, kun zo lafiya?" A kan kalmar "lafiya" robar ta tsinke, gemun ya yi tsalle ya faɗa gaban takalmin Hajiya. A daidai wannan lokaci Ummu Kulsum ta kai ƙarshen wani baiti, mutanen Alƙahira na shekaru sittin da suka wuce suka ɓarke da tafi da sowa.

Akwai riwayoyi uku a kan tsawon wannan tafi. Maiɗakin, wadda ta tura bakin mayafinta cikin baki tana jingine da bango, ta ce bai wuce numfashi biyu ba. Ƙanwarta, wadda ta rako su ɗauke da akwati kuma ba wanda ya lura da ita sai da ta zauna a ƙasa, ta ce ya kai minti guda. Shi kuwa magidancin yana da yaƙinin cewa ba a daina ba har yanzu, domin yakan ji shi a cikin sahu, da wurin aiki, da duk lokacin da ya buɗe durowar safa. Abin da riwayoyin suka haɗu a kai shi ne cewa Hajiya ba ta yi dariya ba, wanda da ta yi da an sami sauƙi. Ta dubi safar, ta dubi tawul ɗin, ta kawar da kai zuwa bango kamar yadda kunya ta tanada, sa'an nan ta tambayi 'yarta a hankali, cikin muryar da ake tambayar jikin majinyaci: "Ke, tun yaushe abin ya fara masa?" Shi dai yana durƙushe, hannu ɗaya a kan ƙullin zane, ɗaya riƙe da ludayi, yana ci gaba da jero gaisuwa, ya mutanen gida, ya su Alhaji, ya hanya, domin tashi na nufin rabuwa da zanen, zama kuma na nufin ci gaba da zama Fir'auna.

Ƙarar rushewar dala ta jawo maƙwabcin, wanda ya yi sallama daga zaure ya ba da gudummawarsa ba tare da an nema ba. Ya ce tun farko ya faɗa cewa kwali ba shi da amana. Ya ce kuskuren na biyu shi ne zaɓen Fir'auna, mutumin da kowane ɗan makarantar allo ya san yadda ya ƙare a teku, alhali da shigar malaman Azhar aka yi, jar hula da farin rawani, da Hajiya ma sai ta nemi addu'a. Ya ƙara da cewa a filin jirgin Alƙahira bai ga mutum ko ɗaya da tawul a ka ba. Daga ƙarshe ya ba da shawarar a goge kwallin da man gyaɗa, shawarar da aka bi, wadda ta baza shi har kumatu.

Bayan isha'i, magidancin ya sako babbar riga da hula, ya zauna can bakin ƙofa da fuskar da ta yi kama da ta mai sayar da gawayi, aka gabatar da abinci. Hajiya ta ce garau-garau ya yi daɗi sai dai taliyar ta yi yawa, zoɓon kuma yana son citta. Abin da ya burge ta shi ne na ƙarshe, burodi da aka gasa cikin madara da sukari da gyaɗa da kwakwa, har ta ƙara kwano na biyu ta sa 'yarta ta tambayi sunansa. Nan magidancin ya ga damar dawo da mutuncinsa ta hanyar ilimi, ya bayyana, idonsa a ƙasa, cewa sunansa Ummu Ali, kuma ana danganta shi da uwargidan Sarki Izzuddin Aibak, wanda ya auri Shajaratud Durr, matar da ta mulki Masar na ɗan lokaci a 1250. Cewa a 1257 amaryar ta sa aka kashe sarkin a wurin wanka da ta ji yana neman ƙara aure. Cewa bayin uwargida sun kashe amaryar da dukan takalman katako. Kuma cewa, kamar yadda ake ba da labari, uwargidan ta sa aka dafa wannan abinci aka raba don murna.

Hajiya ta ajiye cokali. Ta daɗe tana duban kwanon, sa'an nan ta juya ga 'yarta, wadda ita ma ta daina dariya.

"Ke, tambaye shi," in ji ta, "ita wannan Nafisatun da ya kira da muka shigo, 'yar wace unguwa ce?"