Gilashin Asali, Ko Da Ba A Ganin Hanya

Sanyin da ya sauka ya yi wa motocin Gadau aikin da ya saba. Gilashin gaban da ya kwana da tsaga mai tsawon ɗan yatsa ya wayi gari da ta kamu guda, musamman a gidan da yaro mai ladabi ya watsa masa ruwan zafi da asuba. Masu motocin kuwa ko a jikinsu. Ka ce, "Alhaji, gilashin nan fa?" sai ya yi maka kallon wanda bai san kasuwa ba: "Na asali ne, da shi ta zo daga Kwatano. In na sauya, ranar sayarwa dillali zai karya ta."

To, a duba wannan dukiya da ake tattali. Tsagar ta samo asali ne daga tsakuwar da wata tifa ta harbo, kuma tun daga ranar take tafiyarta ba takardar izini. Ta tashi daga Gadau a gefen direba, ta yada zango a Azare daidai madubin tsakiya, sannan ta yi rassa: ɗaya ya nufi Jama'are, ɗaya ya gangara Misau, na uku ya miƙe Potiskum ko fasinja bai tsaya ɗauka ba. Maganinta kuwa sitika. An toshe Azare da ɗan takarar 2019, an rufe Misau da na 2023, Jama'are ta samu sitikar bikin auren da tuni aka yi suna biyu. Ɗalibin Jami'ar Sa'adu Zungur da ke neman taswirar ƙasar Katagum ya huta da zuwa laburare, ya shiga gidan gaba kawai. Direba na leƙen titi ta tsakanin hular ɗan takara da lallen amarya. Koriyar sitikar Jamus da ke kusurwa kuwa ba mai taɓa ta, ita ce takardar haihuwar motar.

Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba. Gaskiya ne mai saye yakan duƙa ya karanta tambarin da ke gindin gilashi, in ya ga sabo ya fara tambayar ko motar ta taɓa haɗari. Gaskiya ne kuma akwai gilashin araha da ke mayar da kwalta kamar kogi mai igiyar ruwa, ga yoyo da damina idan mai sawa ya yi rowar gam. Amma wannan hujja ce ta a sayi mai kyau, sabo ko ɗan Beljiyam, a kai wa gwani, a adana rasit. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma dillali ba ya buƙatar tsaga ta kai Potiskum: zai cire kuɗin gilashi, ya cire na sawa, ya karɓi la'adarsa cif. Tun 1909 da Bafaranshe Edouard Benedictus ya yi rajistar gilashi falle biyu da roba a tsakani, aikin irin wannan gilashi shi ne ya riƙe kansa kada ya tarwatse a fuskar mutane. A motocin yanzu har rufi yake tallafa idan mota ta wuntsila. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri da dare, fitilar tirela na watsewa cikin tsaga tana kashe masa ido, ga 'ya'yansa a baya, da rayukansu yake ciniki, kuma a kan farashin da ba wanda ya taya.

Cutar ma ba a gilashi ta tsaya ba. Ledar kujera tana nan shekara biyar, tana manne wa fasinja a zafin Afrilu, tana ƙara kamar ana ƙulla gyaɗa. Na'urar sanyaya mota an hana ta aiki don kada ta tsufa. Mutum ya biya kuɗinsa, amma yana hawan motar kamar ajiyar wani baƙo da bai iso ba tukuna. Ranar da baƙon ya iso, zai taya ta a wulaƙance saboda tsagar, ya biya, ya ja motarsa. Gilashin kuwa ba zai sauya ba. Ai na asali ne.